Tsohuwar Motar Lantarki a Tashar Caji: Wa Ke Yanke Saurin Shan Wuta?

 Yau maganar motocin lantarki za a yi, amma ba sababbin da ake baje kolinsu da ƙyalƙyali ba. Tsofaffin ne, waɗanda suka kwashe shekara takwas, goma, wasu har sha biyar a kan titi, suka sauya hannu sau biyu ko uku, farashinsu ya faɗi. Irinsu ne suka fi saurin hawa jirgin ruwa su nufo kasuwannin Afirka, don haka yana da kyau a san halinsu tun kafin su iso.

A watan Maris na 2025 kamfanin BYD na ƙasar Sin ya nuna wata fasahar caji mai ƙarfin kilowat 1,000, ya ce cikin minti 5 mota za ta sha wutar da za ta kai ta kilomita 400. Labarin ya karaɗe duniya. Duk wanda ya ji sai ya ɗauka zaman jiran caji ya zama tarihi. To amma a leƙa wata tashar caji a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka rubuta 350 ɓaro-ɓaro a jikin na'ura. Mai Hyundai Ioniq 5 ya zo ya jona, kafin minti 20 ya zare ya kama hanya. Mai Chevrolet Bolt ƙirar 2017 ya jona wannan waya ɗin dai, a wannan na'urar, amma motarsa ba za ta wuce kilowat 55 ba ko da za a kwana ana roƙonta. Sai ya shafe sama da awa guda kafin batir ya tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin ɗari. Na'urar lafiyarta ƙalau, motar ma haka.

Abin da ke faruwa shi ne, ba na'urar caji ke da ta cewa ba. Mota ce ke ba da umarni. Da zarar an soka filogi, wata ƙaramar kwamfuta da ke gadin batir za ta fara magana da na'urar: ga yawan wutar da za a turo, kada a wuce. Tana duba zafin batir, tana duba yadda ya cika, tana duba lafiyar ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, tana sauya umarnin nan kusan kowace daƙiƙa. Lambar da ke jikin na'ura iyakar abin da za ta iya bayarwa ne kawai, ba alkawari ba ne.

Akwai ma'auni biyu da ake yawan rikita su. Kilowat saurin shigar wuta ne. Kilowat-awa kuwa yawan wutar da batir zai iya riƙewa ne, kuma ba baƙon abu ba ne, shi ne yunit ɗin da ake saye a zuba a mitar gida. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a watan Disamba na 2010 a Japan da Amurka, batirinta na ɗaukar yunit 24. Mitsubishi i-MiEV da ta riga ta fitowa a 2009, yunit 16. BMW i3 ta 2013, wajen 22. Motocin yau kuwa 60, 77, wasu har 100. Wannan bambancin shi ne tushe na farko na jinkirin tsofaffin motoci, domin kowace ƙwayar batir tana da iyakar wutar da za ta iya haɗiya a lokaci guda. Batir mai girma ya fi yawan wurin da za a rarraba wutar, sai kowane sashe ya ɗauki kaɗan, jimilla ta yi yawa. Ƙaramin batir ba shi da wannan sararin.

Ɗan garuwa ya san wannan lissafin ba tare da ya shiga aji ba. Komai girman tankin da ke sama, bakin jarka ne ke yanke yawan ruwan da zai shiga, kuma idan jarka ta kusa cika dole a rage famfo, in ba haka ba ruwa ya yi ambaliya. Batir ma idan ya wuce rabi sai kwamfutarsa ta fara rage wuta, in ya kai kashi 80 sai ta rage sosai. Shi ya sa kamfanoni ke ba da lokacin caji zuwa kashi 80 su yi shiru a kan sauran. A motoci da yawa, kashi 20 na ƙarshe kan ci lokaci kusan daidai da wanda aka ɓata tun daga farko.

Tushe na biyu yana cikin waya da filogi. Ƙarfin caji yana fitowa ne idan aka ninka turin wuta, wanda ake aunawa da bolt, da yawan kwararar wutar, wanda ake aunawa da amfiya. Tsarin caji na Japan mai suna CHAdeMO, wanda kamfanin lantarki na Tokyo da su Nissan da Mitsubishi suka kafa ƙungiyarsa a watan Maris na 2010, ya fara ne da iyakar amfiya 125. Batirin Leaf kuwa yana aiki a kan bolt 360 ko sama kaɗan. A ninka 360 sau 125, za a samu kilowat 45. Ke nan abin da ake kira cajin kilowat 50 a tsohuwar Leaf, a zahiri arba'in da 'yan kai ne, kuma ko shi na ɗan lokaci ne. Injiniyoyi sun so su ƙara amfiya, amma akwai ƙa'idar da ba ta da lallashi: idan kwararar wuta ta ninka sau biyu, zafin da waya ke fitarwa ninkawa yake sau huɗu. Mafitar da Porsche ya kawo a motarsa Taycan a 2019 ita ce ɗaga turin wutar zuwa bolt 800, sai aka samu kilowat 270 ba tare da waya ta zama gungume ba. Hyundai ya bi sahu da Ioniq 5 a 2021, wadda ke tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 18. Tsohuwar mota an gina ta a kan bolt 400 ko ƙasa, kuma babu makanikin da zai sauya mata wannan da sukudireba.

A kwatanta abin da direba ke samu. Rabin awa a tashar caji zai ba tsohuwar Leaf tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, domin ko tana sabuwa hukumar kare muhalli ta Amurka kilomita 117 ta auna mata a cikakken caji. Daga Kano ba za ta isa Zariya a zama ɗaya ba. Minti 18 na Ioniq 5 kuwa ya haura kilomita 300.

Yanzu a zo kan babban al'amari, wanda ya fi shafar mutanen ƙasashe masu zafin rana.

Batirin litiyam yana son yanayi irin wanda ɗan'adam ke so, daga digiri 20 zuwa 30 da 'yan kai. Caji mai sauri yana ɗumama shi daga ciki, gudu a babbar hanya yana ƙara masa, kwalta mai zafi da ke ƙarƙashinsa tana ƙarasawa. Tesla da General Motors sun zagaye batirinsu da bututun ruwan sanyi tun da wuri, kwatankwacin aikin lagireto a motar fetur. Nissan ya zaɓi wata hanya don rage farashi da sauƙaƙa ƙira: ya rufe batirin Leaf a cikin akwatin ƙarfe, babu ruwa, babu fanka mai hura iska daga waje, sai dai zafin ya fita da kansa a hankali. A Japan da Ingila da Norway abin bai cika damun kowa ba. Sai aka kai motar birnin Phoenix na jihar Arizona, inda zafin bazara ke haura digiri 40 kwana da kwanaki.

A 2012 masu Leaf a Phoenix suka fara kuka. A allon gaban direba akwai layuka 12 da ke nuna lafiyar batir, kuma nasu sun fara ɓacewa tun mota ba ta cika shekara biyu ba. Layin farko yakan tafi ne idan batir ya rasa kusan kashi 15 na ƙarfinsa, don haka rasa biyu ko uku ba ƙaramar asara ba ce ga motar da dama tafiyarta gajera ce. Aka je kotu. A ƙarshen shekarar Nissan ya fito da sabon garanti: idan layukan suka sauka ƙasa da 9 cikin shekara 5 ko mil 60,000, kamfani zai gyara ko ya sauya batir. Daga baya, a ƙirar 2015, ya sauya sinadaran ƙwayoyin don su fi jure zafi. Amma bai sa ruwan sanyi ba.

Wannan taurin kai ya sake jawo masa magana a 2018. An fito da sabuwar Leaf mai batir na yunit 40, an cusa ƙarin wuta a cikin akwati mai kusan girman na da, hanyar fitar zafi kuwa tana nan yadda take. Direbobi a Birtaniya da Norway masu doguwar tafiya suka lura da wani abu: cajin farko lafiya lau, na biyu ya ragu, na uku ya sauka ƙasa da kilowat 30. Tsayuwar da aka yi wa lissafin minti 40 sai ta kai awa ɗaya da rabi ko fiye. Motar ba ta lalace ba, kwamfutarta ce ke kare batir daga zafin da ya taru, kuma batir mai nauyin ɗaruruwan kilo da ke rufe ba ya hucewa cikin mintoci, sai ya kwana. A 2019 kamfanin ya sassauta manhajar a Turai domin mota ta riƙa karɓar wuta da yawa ko da batir ya yi ɗumi. Abin dubawa a nan, a ƙasashen sanyi ne aka yi wannan ƙorafin. Sai a ƙaddara abin da zai faru a hanyar Sakkwato zuwa Gusau, ko Yamai zuwa Dosso, a tsakiyar watan Afrilu.

A 2024 ma Nissan ya yi wa Leaf kusan 24,000 ƙirar 2019 da 2020 kiranye a Amurka saboda haɗarin batir ya yi zafi har ya kama wuta a lokacin caji mai sauri, aka ce wa masu su su dakata da irin wannan cajin sai an yi gyara. Sai a ƙira ta uku da aka gabatar a 2025 ne Leaf ta samu batir mai ruwan sanyi, shekara 15 bayan ta farko.

To shin caji mai saurin ne ke kashe batir, kamar yadda ake yawan faɗa? An gwada. Cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka da ke jihar Idaho ta ɗauki Leaf huɗu ƙirar 2012, ta sa direbobi suna zagaya Phoenix da su. Biyu ana yi musu caji mai sauri zalla, biyu caji a hankali zalla, sau biyu kullum, har suka yi mil 50,000. Da aka auna, duka huɗun sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsu. Masu caji mai sauri sun fi asara, amma da 'yan maki kaɗan ne. Babban ɓarawon da ya yi wa dukansu sata shi ne zafin garin. Kamfanin Geotab na Kanada, wanda ya nazarci motoci sama da 6,000 a 2019, ya samu batir na raguwa da kashi 2.3 a shekara idan aka ɗauki matsakaici. Tesla Model S ƙirar 2015 mai ruwan sanyi ta tsaya a kan 2.3, Leaf ta wannan shekarar kuwa 4.2. Hukuncin da ya fito daga waɗannan alƙaluma a fili yake: caji mai sauri shi kaɗai ba abin tsoro ba ne, haɗuwarsa da zafi a batirin da ba shi da hanyar sanyaya kansa shi ne matsala.

Tsufa kuma yana da nasa rabon. Batirin da ya sha aiki yana ƙara turjiya ga wuta, wato yana saurin ɗumama, kuma yana saurin nuna alamar cika. Don haka motar da a da take riƙe kilowat 45 har zuwa rabin caji, yanzu tun a kashi 30 za ta fara sassautawa. Wani abin dariya, mai irin wannan motar zai iya ganin ta kai kashi 80 cikin lokaci kusan irin na da, ya yi murna. Bai lura ba cewa kashi 80 na batirin da ya ƙanƙance ne.

Ko Tesla, wanda ya fara tashoshinsa na Supercharger a watan Satumba na 2012 da kilowat 90, ya ɗaga zuwa 120, ya kai 250 a 2019, tsofaffin motocinsa ba su ci moriyar sabon saurin ba. A 2017 kamfanin ya tabbatar cewa yakan rage wa wasu motoci saurin caji kaɗan idan sun yi caji mai sauri da yawa. A 2019 ya tura wata manhaja ta intanet da ta rage yawan wutar da wasu tsofaffin Model S ke ɗauka, masu su suka wayi gari tafiyar motarsu ta ragu. Suka kai ƙara, a 2021 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 1.5 a kan motoci 1,743. Darasin da mai saye zai ɗauka shi ne, saurin da aka rubuta a takardar talla na ranar da mota ta fito ne.

Renault Zoe ta Faransa nata labarin daban ne, kuma gajere. Ƙirar farko ta 2013 tana iya shan kilowat 43, amma daga wutar AC irin ta layin gari, ta hanyar na'urar da ke cikin cikinta. Ba ta da ƙofar wutar DC, irin wadda na'urorin caji mai sauri ke bayarwa, kwata-kwata sai a ƙirar 2019. Duniya ta bi hanyar DC, tashoshin AC masu kilowat 43 suka yi ta raguwa, tsohuwar Zoe ta koma neman na 22.

Wannan ya kawo maganar filogi, wadda takan fi saurin ma muhimmanci, domin motar da bakinta bai dace da waya ba saurinta sifiri ne. Japan na da CHAdeMO. Turai da Amurka sun rungumi CCS, amma ƙirar Amurka daban, ta Turai daban, ɗaya ba ya shiga ɗaya. Sin na da nata mai suna GB/T. Tesla na da nasa, wanda tun daga 2023 Ford da sauran kamfanoni a Amurka suka fara komawa kansa. A cikin wannan kokawa CHAdeMO ne ya sha ƙasa a wajen Japan. Tarayyar Turai ta wajabta CCS a tashoshin caji mai sauri tun a dokarta ta 2014. Kamfanin Electrify America ya daina sa wayar CHAdeMO a sababbin tashoshinsa na wajen Kalifoniya daga 2022. Shi kansa Nissan, da ya zo fitar da Ariya a Turai da Amurka, CCS ya sa mata. Akwai mahaɗi da ake sayarwa don jona tsohuwar Leaf da wayar CCS, amma yana da tsada, kuma ba kowace na'ura yake jituwa da ita ba.

Ina wannan ya shafi mai sauraro a Kano ko Maraɗi? Motocin lantarki sun riga sun fara shigowa. A watan Nuwamba na 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas. A 2021 hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta Najeriya, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin haya zuwa masu aiki da lantarki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, masu tambayar farashin motar da ba ta zuwa gidan mai sun ƙaru. Mafi yawansu ba sabuwa za su iya saye ba, ta hannu ce, irin wadda ake shigowa da ita ta Legas ko Kwatano. Kuma kasuwa za ta kasance gauraye: ta Amurka da bakinta, ta Turai da nata, ta Sin da nata, alhali mai kafa tashar caji zai sa wayar da ta fi yawan masu nema ne.

Sai dai kada a yi wa tsohuwar mota rashin adalci. Na'ura ɗaya mai kilowat 350 tana buƙatar wutar da ta kai ta taransifomar unguwa guda, abin da ba za a samu a kowane lungu ba nan kusa. Mai zirga-zirgar cikin gari, wanda ba ya wuce kilomita 50 ko 60 a rana, da wuya ya nemi caji mai sauri. Tsohuwar Leaf mai na'urar ciki ta kilowat 3.3 tana cika cikin awa 8, mai 6.6 da ta fara fitowa a 2013 kuma cikin awa 4 ko 5. Wannan abu ne da sola mai ɗan ƙarfi ko wutar dare za su iya yi, kuma shi ne cajin da batir ya fi so, musamman da asuba lokacin da gari ya huce. Sai dai a kula, wayar cajin da ke zuwa da tsofaffin Leaf na Amurka an yi ta ne don bolt 120, wutar gidajen Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce. Jona ta kai tsaye ƙona ta ne.

Wanda ya je sayen irin wannan mota, kafin ya duba fenti da taya, ya buɗe murfin caji ya gani da idonsa. A Leaf da BMW i3 da Chevrolet Bolt na shekarun farko, ƙofar caji mai sauri ba kowace ke da ita ba, sai wanda ya biya ƙarin kuɗi tun a kamfani, kuma sa ta daga baya aiki ne mai wuya da tsada. Ya ƙirga layukan lafiyar batir, kada ya rikita su da layukan da ke nuna yawan caji. Zai fi kyau ya nemi wanda ke da 'yar na'urar da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, wadda ke aiki da manhajar waya irin LeafSpy, domin ita ke nuna ainihin kason lafiyar batir da adadin caji mai saurin da aka taɓa yi. Ya bi lambar shasi ya ga ko akwai kiranyen da ba a yi gyaransa ba. Ya tambayi jihar da motar ta fito, domin ta Arizona ko Texas ba ɗaya take da ta wajen Seattle ba. Idan ya riga ya saya, ya riƙa ajiye ta a inuwa, kada ya jona caji mai sauri yana saukowa daga doguwar tafiya da tsakar rana, kuma kada ya bar ta cike taf tana gasuwa a rana kwana da kwanaki.

Ga mai niyyar haya ko doguwar tafiya tsakanin garuruwan Arewa, motar da batirinta ba shi da ruwan sanyi ba tasa ba ce, komai arharta. Ya ƙara kuɗi ya nemi irin su Kona ko Chevrolet Bolt, ko ya dakata. Ga mai kai yara makaranta da zuwa ofis ko kasuwa, wanda ke da inda zai jona da dare, tsohuwar Leaf mai layi 10 ko sama za ta yi masa aiki na shekaru. Masu kafa tashoshin caji da hukumomin da ke ba su izini kuma, lokaci ya yi da za su fito su faɗi irin filogin da ƙasa za ta bi, domin masu shigo da motoci su san abin da za su ɗauko.